Hannun da ke tafiya aljihu ba da sanina ba

'Yata ce ta fara ankarar da ni, kuma ba da niyya ta yi ba. Shekararta bakwai. Wata rana da yamma ta zo da littafin aikin gida ta zauna kusa da ni, ni kuwa ina kishingiɗe da waya a hannu. Tana magana ina "uhm", tana magana ina "uhm". Can sai na ji shiru. Da na ɗago kai sai na ga ta zuba min ido, fensir a baki. Ta ce, "Abba, na ce maka kunkuru ya fi doki gudu, ka ce min uhm." Mahaifiyarta da ke wucewa ta ƙyalƙyale da dariya. Ni ban yi dariya ba, domin ko wuƙa aka sa min a wuya aka ce in faɗi abin da nake kallo a wayar a daidai lokacin, ba zan iya ba. Yatsa ne kawai yake ta tura allo sama.

Aikina lissafin kuɗi ne a wani ƙaramin kamfani: rasidai, takardun biya, da daidaita abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen wata. Aiki ne da ba ya son rabin hankali. A watannin da suka gabaci maganar kunkurun nan, sau biyu ina shigar da rasidi ɗaya a wuri biyu, in kwana biyu ina laluben inda lissafi ya karkace. Na ɗora laifin a kan gajiya da tsufa, alhali ko arba'in ban cika ba.

Abu na farko da na yi shi ne duba adadi. Tun shekarar 2018 kamfanonin Apple da Google suka saka wa wayoyinsu ma'aunin da ke ƙirga lokacin da mutum ya shafe a kan allo. Na iPhone sunansa Screen Time, na Android kuma Digital Wellbeing, yana nan cikin saiti, galibinmu ba mu taɓa leƙa shi ba. Kafin in buɗe sai da na rubuta hasashena a bayan wata ambulan: awa biyu da rabi. Abin da na tarar awa 6 da minti 20 ne. A ranar da ta gabata kaɗai na buɗe wayar sau 143, sanarwar da suka shigo kuwa sun haura 300. Da yake lissafi sana'ata ce, nan take na cire awa bakwai na barci, na raba abin da ya rage. Kusan kowane minti bakwai sai na ɗauki waya. Babu wani abu a rayuwata da nake waiwaya haka, har da iyalina.

Na fara da abin da kowa yake farawa da shi, wato alƙawari da ƙayyade lokaci. Na ba Facebook minti talatin a rana, TikTok minti ashirin. Idan lokacin ya cika sai tambarin manhajar ya dushe, ta ƙi buɗuwa. Kwana biyu abin ya yi kyau. A rana ta uku na gano cewa dannawa uku ta isa in koma saiti in ƙara wa kaina minti goma sha biyar, a rana ta biyar kuwa yatsana ya haddace hanyar, ba sai na duba ba. An ba kura ajiyar nama. Wanda ya kafa dokar shi ne mai karya ta, kuma makullin yana hannunsa.

Wannan faɗuwar ce ta sa na zauna na karanta yadda aka ƙera abin, domin na fara zargin ko ni ne dai ba ni da zuciya. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya yi ta gwaji da tattabaru a cikin akwati. Tattabara ta sari wani maɓalli da baki, tsaba ta faɗo. Abin da ya lura shi ne, idan tsabar ba ta da tabbas, wani lokaci ta faɗo wani lokaci ta ƙi, tsuntsuwar ta fi naci, kuma ta fi daɗewa tana sara ko bayan an daina ba ta komai. Da irin wannan dabarar na'urar caca take aiki. Tristan Harris, wanda ya yi aiki a Google kafin ya koma sukar yadda ake tsara manhajoji, da na'urar cacar ya kwatanta waya: ka ja allo ƙasa ka saki, ba ka san me zai fito ba, ko saƙon da kake jira ko shirme. Shafin nan da ba ya ƙarewa, wanda kana turawa yana ƙaro maka, Aza Raskin ake dangantawa da ƙirƙirarsa a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Kafin nan sai ka kai ƙarshen shafi ka danna na gaba, kuma a wannan 'yar tsayawar ce mutum yake tuna cewa yana da abin yi. Sean Parker, shugaban Facebook na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa sun san wani rauni ne na ɗan Adam suke amfani da shi, kuma suka ci gaba.

Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Amma ya sauya min tunani. Na daina shirin kokawa da wayar gaba da gaba, tunda a ɗaya ɓangaren akwai dubban injiniyoyi da albashinsu ya dogara da in ci gaba da kallo, ni kuma a nawa ɓangaren ba ni da komai sai niyyar da na ƙulla da safe, wadda take yin laushi kafin rana ta take.

Sai na koma kan sanarwa, kuma a nan na yi wauta. Cikin zafin rai na kashe komai da komai, har ƙarar kira. Ranar farko na wuni kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Tunda wayar ba ta kira na, sai na koma ni nake zuwa mata, ina buɗewa in ga ko wani abu ya shigo. Sau da yawa na ji kamar ta girgiza a cinyata, in shafa aljihu in tarar ma ba ta ciki, tana kan tebur. A rana ta huɗu mahaifiyata ta kira ni sau shida ban sani ba. Ba wani abin tashin hankali ba ne, maganinta ne ya ƙare, amma da na kira ta da daddare muryarta ta sauya. Ta ce, "Kai ɗan nan, lafiya? Na ɗauka wani abu ya same ka." Na ce, "Lafiya lau, Umma, ki yi haƙuri, wayar ce na kashe wa ƙara." Ta ce, "To waya in ba ta ƙara mene ne amfaninta?" Ban samu amsa ba.

Daga baya na ci karo da wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda Nick Fitz da abokan aikinsa suka yi. Sun raba mutane rukuni-rukuni: wasu sanarwa na shigo musu yadda suka saba, wasu ana tara musu a sake su sau uku a rana, wasu an kashe musu gaba ɗaya. Waɗanda aka tara wa sau uku su suka fi samun natsuwa. Waɗanda aka kashe wa kwata-kwata kuwa fargabarsu ƙaruwa ta yi, suna jin kamar ana wani abu babu su. Da na karanta sai na ga kaina tsaf a rukunin ƙarshe.

Gyaran da na yi mai sauƙi ne. Kira na mayar masa da ƙararsa. Tsarin nan na waya da ke hana ta damun mutum yana ba da damar zaɓar waɗanda kiransu zai shigo ko da an kunna shi, sai na sa mahaifiyata, matata, makarantar yara da shugabana a wurin aiki. Akwai kuma wani zaɓi da ke barin kira ya shigo idan mutum ɗaya ya sake kira nan kusa, cikin minti 15 a Android, minti 3 a iPhone, don haka ko baƙuwar lamba ce, in abin na gaggawa ne zai same ni. Saƙonni kuma na yanka musu lokaci uku: ƙarfe goma na safe, ƙarfe biyu, da ƙarfe bakwai na yamma. Guruf-guruf na WhatsApp na ƙirga su, 31, na fita daga 19, sauran na rufe musu baki. Shuɗin alamar nan guda biyu da WhatsApp ya shigo da ita a 2014, mai tona asirin cewa ka karanta saƙo, na kashe ta, domin ita ce take sa in ji dole in ba da amsa nan take ko da ina tsakiyar aiki. Na sanar da mutanen da nake hulɗa da su: in abu na sauri ne a kira ni. Wani abokina ya ce na fara girman kai. Mako biyu ya yi yana fushi, sannan ya koyi kira.

Adadin ya sauko zuwa awa huɗu da wani abu, ya tsaya cak. A nan ne na yi abin da ya fi komai amfani a duk tafiyar, kuma bai ci min ko sisi ba. Na ajiye 'yar takarda kusa da kwamfuta. Duk lokacin da na kama hannuna ya nufi waya ba tare da ta yi ƙara ba, sai in ja layi ɗaya, in rubuta a gefe abin da nake yi a daidai wannan daƙiƙar. Kalma biyu ko uku kawai.

Ranar farko layi 38 na ja kafin a tashi daga aiki. Da na zauna na karanta abin da na rubuta a gefensu sai jikina ya yi sanyi. "Lissafi ya ƙi." "Ban gane rasidin ba." "Wasiƙar da zan rubuta wa oga." "Lissafi ya ƙi." "Kwamfuta na loda shafi." "Wasiƙar oga." Ni da na ɗauka gundura ce take kai ni waya, ashe yawanci guduwa nake yi. Duk inda aiki ya yi tauri, duk inda zan ɗan matsa ƙwaƙwalwa ko in rubuta abin da nake jin nauyin rubutawa, kafin in ankara hannu ya riga ya tafi. Ba ma sai na yanke shawara ba. Wani ɗan ƙunci ne yake tasowa a ƙirji, wanda bai kai a kira shi damuwa ba, waya kuma tana nan a shirye ta share shi cikin daƙiƙa biyu. Matsalar ita ce, wurin da aikin ya yi taurin shi ne ainihin aikin. Sauran duk kwafe-kwafe ne da kowa zai iya.

Kuma tafiyar ba ta ƙarewa da ajiye wayar. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, musamman in bai kammala shi ba. Na san wannan a jikina tun kafin in san an yi bincike a kai. In leƙa guruf na minti ɗaya, in ga wani ya faɗi maganar da ta ɓata min rai, in dawo kan lissafi, ido yana kan lambobi amma zuciya tana can tana shirya martani. A irin wannan yanayin ne rasidi ɗaya yake shiga wuri biyu. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa a kan abu ɗaya a allo kafin su sauya. A 2004 kusan minti biyu da rabi ne. A ma'auninta na baya-bayan nan ya koma daƙiƙa 47. Ta kuma lura cewa kusan rabin katsewar ba wani ne yake katse mutum ba, shi yake katse kansa. Takardata ta tabbatar min da haka.

Tunda hannu ya fi tunani sauri, sai na yanke shawarar in nesanta masa abin. Na fara da durowar teburina, amma durowa ba nisa ba ce, miƙa hannu ne kawai. Sai na koma sa wayar cikin jaka, jakar kuma a kabad ɗin da ke ƙarshen ofis, inda sai na miƙe na wuce teburan mutum uku. Ƙarar kira tana isowa, don haka ban rasa kowa ba. Amma tashi a yi taku goma sha biyar a gaban abokan aiki don kawai a leƙa Facebook yana da 'yar kunya, kuma wannan kunyar ta yi min aikin da niyya ta kasa. Akwai wani gwaji da Adrian Ward da abokansa suka wallafa a 2017, daga Jami'ar Texas da ke Austin, a kan mutum kusan 800: wasu wayarsu na kan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban, aka ba su aikin da ke buƙatar tattara hankali. Na wani ɗakin su suka fi ƙoƙari. Wasu masu binciken da suka maimaita gwajin ba su ga wannan bambancin ba, don haka ban riƙe shi kamar hujjar ƙarshe ba. Abin da na gani a teburina dai shi ne, hannu ya tafi, ya tarar da wayam, ya dawo, ƙuncin nan ya ɗan tsaya kamar minti ɗaya ko biyu, sannan ya wuce da kansa. Sau da yawa a bayan wucewarsa ne nake gano inda lissafin ya karkace.

Ba duka dabaru ne suka yi min aiki ba. Mayar da allo baƙi da fari, wanda ake ta yabo, kwana uku ya dame ni, daga nan idona ya saba, na ci gaba da kallon bidiyo babu launi kamar ba a yi komai ba. Na goge TikTok da Facebook daga wayar, sai ga ni ina buɗe su a kwamfutar ofis. An gudu ba a tsira ba. Sai da na fita daga asusun a can ma, na sauya kalmar sirri zuwa wata doguwa da ban haddace ba, na rubuta ta a takarda na bari a gida. Tsarin nan na aikin minti 25 da hutun minti 5 da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980 ya ɗan taimaka, amma sai da na daina auna lokacin da waya, domin duba saura minti nawa shi ma ƙofa ce. Na sayi agogon hannu, abin da rabona da ɗaurawa tun ina ɗalibi.

Dare ya fi komai wuya. Shekara da shekaru wayar ita ce abu na ƙarshe da nake gani kafin barci, ita ce ta farko in na farka, da hujjar cewa ita ce ke tashina. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, na mayar da caja falo. Daren farko na kwanta ƙarfe goma da rabi, ido ya ƙi rufuwa. Na ji ƙarar agogon, na ji numfashin matata, na ji tunane-tunanen da ashe shekaru nake danne su da bidiyo: bashin da ban biya ba, ɗan'uwan da muka yi saɓani ban neme shi ba. Wajen ƙarfe goma sha biyu na lallaɓa na tashi kamar ɓarawo. Ina kai hannu ƙofa sai na ji muryarta cikin duhu: "Maigida, in ruwa za ka sha ga shi nan a gefenka." Na dawo na kwanta. Ta san ba ƙishirwa ba ce, ni ma na san ta sani.

Sai da aka yi kamar kwana goma kafin barci ya fara zuwa da wuri. A cikin waɗannan dararen ne na kira ɗan'uwan nawa, da rana dai, muka yi magana. Na kuma koma karanta littafi, da farko shafi biyu ba na kaiwa sai in ji yatsana yana neman abin turawa, in karanta sakin layi ɗaya sau uku. Bayan wata guda ina iya zama minti arba'in ban ɗago ba.

A wata na uku na yi zazzaɓi na kwanta kwana biyar, komai ya rushe. Na dawo da waya gado da sunan in an kira ni, na sake sauke manhajojin da na goge da sunan rage zaman kaɗaici, ma'auni ya nuna awa 8 a rana. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saurin da tsohon halin ya dawo, kamar bai taɓa tafiya ba. Da na warke ban tsaya yi wa kaina faɗa ba, na mayar da caja falo, na sake gogewa, na koma ajiye jaka a kabad. Wannan karon kwana uku ya ɗauke ni, ba goma ba.

Yanzu wata na biyar ke nan. Ma'aunin yana yawo tsakanin awa biyu da awa biyu da rabi a ranakun aiki, buɗewa kuma tsakanin 40 da 50. Ranakun hutu har yanzu ban shawo kansu ba, domin babu kabad, babu idon abokan aiki, sai doguwar rana da kujera mai laushi. Wasu abubuwan na rasa su: labarai suna iso min a makare, an yi raha a guruf an gama ban sani ba, sau ɗaya ma an sauya lokacin wani taro ta saƙo na je na tarar an watse. Takardar layukan kuwa ban daina ba, sai dai yanzu a makon rufe lissafin wata kawai nake fito da ita. Ta jiya layi tara ne. Bakwai daga ciki a kan asusun wani mai kawo mana kaya suke, wanda rasidansa ba sa taɓa zuwa a jere, kuma kwana uku ke nan ina kewaye shi. Na ɗora fayil ɗinsa a saman sauran, da shi zan fara gobe da safe kafin ƙarfe goma ta yi.